Filin Tambaya da Amsa: Dandilayon a kofi, a kwano da a fata

Tun da tallar shayin dandilayon ta cika Facebook da WhatsApp, kwalayensa kuma suka fara bayyana a shagunan magungunan gargajiya da manyan kantunan birnin Katsina, wasiƙu a kansa suka yi wa wannan fili yawa. Mun tsamo tambayoyin da suka fi maimaituwa, muka taƙaita su. Masu amsawa su ne mai haɗa magunguna, da masanin tsirrai, da malamar koyar da girki.

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina noman rani a gefen madatsar ruwa ta Ajiwa. Wani ɗan birni ya ga wata ciyawa mai furen rawaya a bakin lambuna, ya ce ita ce dandilayon ɗin da ake sayarwa da tsada, har ya ce in tara masa buhu guda. Da gaske tana fitowa a ƙasarmu?
Manomin rani, Ajiwa

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam. Kafin ka tara buhu, je ka dubi karan furen tukuna. Dandilayon na ainihi, wanda masana ke kira Taraxacum officinale, tsiron ƙasashen sanyi ne. Asalinsa Turai da Asiya, a can ma ciyawa ce da ta addabi masu gidaje har suna fesa mata magani. Zafin Katsina na watan Afrilu, da kan haura digiri 40, ba irin nasa ba ne, don haka da wuya ya tsiro da kansa a lambunka.

Ga kamanninsa. Ganyen duk daga gindi yake fitowa, ya baje a ƙasa a kewaye. Gefensa manyan haƙora ne masu kallon gindi, amma ba ƙaya. Karan furen ba ya reshe, babu ganye ko ɗaya a jikinsa, cikinsa rami ne, kuma fure ɗaya tak yake ɗauka. In ka karya shi, farin ruwa mai kama da madara zai fito. In furen ya gama, sai ya koma dunƙulen farin gashi mai ɗauke da iri, iska ta kwashe. Saiwarsa ɗaya ce doguwa mai nutsewa, bayanta ruwan ƙasa, cikinta fari.

Abin da ya fi yiwuwa ka gani ɗan'uwansa ne na Afirka ta Yamma, Launaea taraxacifolia, wanda wasu Hausawa ke kira namijin dayi, Yarabawa kuma suna ce masa yanrin suna miya da shi. A Gana ma dandilayon ake kiransa, shi ya sa ruɗanin ya yi yawa. Yana ƙarami ganyensu kusan ɗaya ne, shi ma yana fid da farin ruwa. Amma in ya girma sai ya miƙe da dogon kara, ya kai ƙugun mutum ko ya wuce, ya yi rassa, kowane reshe da ƙananan furanni barkatai. Ganyen miya ne, ana cin sa lafiya lau, sai dai duk awon da za mu ambata a wannan fili na Taraxacum ne, ba nasa ba.

Wanda za ka kiyaya shi ne haƙorin kada, wato Argemone mexicana, da ke yawan fitowa a bakin fadama da kufai. Shi ma furensa rawaya ne, ganyensa yankakke, amma yana da ƙaya, jijiyoyin ganyen farare ne, ruwansa kuma rawaya. Guba ne, musamman 'ya'yansa, domin mansu na kumbura jiki har ya taɓa zuciya. Farin ruwa ma shi kaɗai ba shaida ba ne: tumfafiya da tinya suna da shi, kuma nasu in ya shiga ido ɓarna yake yi. In kana son tabbaci, cire tsiron da saiwarsa da furensa, ka kai wa malaman gona ko sashen nazarin halittu na Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa. Da ganye kaɗai ba a yanke hukunci.

Tambaya: Na sayi kwalin shayin saboda rashin son abinci da kumburin ciki bayan na ci tuwo. Wata ta ce in tafasa shi minti 30, wata ta ce in jiƙa ya kwana. Wanne ne daidai, kuma kofi nawa zan sha?
Uwargida, Ƙofar Marusa

Amsa: Hajiya, duk su biyun ba daidai ba ne. Fara duba abin da ke cikin kwalin: ganye ne, ko saiwa, ko haɗinsu? Kowanne da yadda ake yi masa.

In ganye ne ko haɗin ganye da saiwa, ba ya bukatar doguwar tafasa. Ɗebi babban cokali ɗaya na yankakken busasshe, kimanin giram 3 zuwa 4 ke nan, ki zuba a kofi. Tafasa ruwa kamar rabin ledar fiya wata, ki juye a kai, ki rufe, ki bar shi minti 10, ki tace. In saiwa ce zalla, ta fi tauri, ruwan zafi kaɗai ba ya fito da abin da ke cikinta. Ki sa cokalin shayi ɗaya a cike cikin ruwan sanyi, ki ɗora, in ya tafaso ki rage wuta ya yi minti 10 a hankali, sannan ki tace. Tafasar minti 30 ƙone ruwan kawai take yi, ɗacin ya wuce misali har ya tayar da zuciya. Jiƙon kwana kuwa a zafin nan namu tsami yake yi, ƙwayoyin cuta su samu wurin zama. Abin da aka haɗa da safe, in ya kai dare a zubar.

Tunda buɗe ciki kike nema, ki sha shi minti 15 zuwa 30 kafin abinci. Kada ki cika masa suga ko zuma. Ɗacin nan da ke taɓa harshe shi ke tsinko yawu ya motsa ruwan narka abinci, wanda ya rufe ɗacin ya rage aikin.

Hukumar magunguna ta Tarayyar Turai ta sa iyakarsa sau uku a rana ga babba. Mu shawararmu ki fara da kofi ɗaya na kwana uku ki ga yadda jikinki zai karɓa. Wasu yana sa su ƙwannafi, musamman masu gyambon ciki, saboda yana ƙara ruwan tsamin ciki. Wasu kuma saiwar ce ke cika musu ciki da iska ko ta sa su zawo, don tana da wani sinadari mai suna inyulin da hanji ba ya narkarwa, sai ƙwayoyin babban hanji su ruɓar da shi. Wato abin da kika sha don kumburin ciki yana iya ƙara shi in kika zarce. Kofin ƙarshe kada ya wuce la'asar, in ba haka ba fitsari ya hana ki barci. In kika yi mako biyu ba sauƙi, ko kina rama, ko bayan gidanki ya yi baƙi, ajiye kofi ki je asibiti.

Wajen saye, yankakke ya fi gari, domin gari ba mai iya sanin abin da aka cakuɗa a ciki. Duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa. Lambar magungunan ganye takan ƙare da harafin L, ma'anarta an duba ba a ga cutarwa a awon da aka rubuta ba. Ba shaida ba ce cewa yana warkar da cututtukan da aka jera a jikin kwalin.

Tambaya: Mahaifinmu yana da hawan jini, likita kuma ya ce ƙodarsa ta fara rauni, ƙafafunsa suna kumbura. Yana shan lisinopril da Lasix. An ce mana dandilayon na wanke ƙoda ya fitar da ruwan, har mutum ya tsira daga wankin ƙoda na asibiti. Mu fara ba shi?
Ɗan Baba, Sabon Gari, Daura

Amsa: Allah ya ba Baba lafiya. Kada ku ba shi, ko kofi ɗaya. A cikin duk waɗanda suka rubuto mana, shi ne ya fi kowa hatsarin shan wannan ganye.

Gaskiya ne yana ƙara fitsari. An daɗe da sanin haka a Turai, kuma wani ƙaramin gwaji da aka buga a 2009 a kan mutum 17 ya nuna yawan zuwa fitsari ya ƙaru cikin awa biyar bayan shan ruwan ganyen. Amma ka lura: mutum 17 ne, masu lafiya, gwajin kuma na yini ɗaya. Yawan fitsari ba ya nufin ƙoda ta warke. Ƙodar da matatanta suka lalace ba datti ne ya toshe ta ba balle a ce a ɗauraye.

Inda matsalar take shi ne sinadarin fotashiyam. Giram 100 na ɗanyen ganyen dandilayon na ɗauke da miligiram 397, ya ɗara na ayaba mai 358. Ga mai lafiya wannan alheri ne, ƙoda za ta ɗauki abin da jiki ke so ta zubar da saura. Ƙoda mai rauni ba ta iya zubarwa, sai ya taru a jini. Awonsa na lafiya a jini tsakanin 3.5 da 5.0 ne. In ya haura 6 yana rikita bugun zuciya, kuma sau da yawa ba ya sallama: wani kasala kawai zai ji da nauyin ƙafafu, wani ba zai ji komai ba sai faɗuwa. Ga shi lisinopril ɗin da Baba ke sha shi ma riƙe fotashiyam yake yi. Haka losartan, da spironolactone, da Moduretic da mutane da yawa ke saya a kemis. An haɗa mai kawowa da mai hana fita ke nan.

Lasix kuwa aikinsa fitar da ruwa, likita ya auna adadin da jikin Baba zai iya ɗauka. In aka ƙara masa wani mai sa fitsari a kai, ruwan jiki na iya yin ƙasa, jini ya faɗi, jiri ya kwashe shi in ya miƙe, jinin da ke isa ƙoda ya ragu, rauninta ya ƙaru. Garin neman gira a rasa ido. Hatsarin taruwar fotashiyam ɗin nan ne ya sa hukumar Turai da muka ambata ta ce mai ciwon ƙoda, da mai raunin zuciya, da mai ciwon suga su ƙaurace masa.

Abin da zai amfane shi: a rage gishiri da dunƙulen ɗanɗano, a daina sa ruwan toka a miyarsa don shi ma fotashiyam ne, kada a saya masa gishirin nan da ake tallatawa wai na masu hawan jini sai likita ya duba abin da ke ciki. A raba shi da diclofenac da ibuprofen da haɗin ƙwayoyin ciwon jiki na 'yan tebur, su ne manyan masu ƙarasa ƙoda. A riƙa auna jininsa, a yi gwajin ƙoda da na fotashiyam duk lokacin da likita ya sa. In kuma har an riga an fara ba shi shayin, ku faɗa wa likitan ba ɓoye-ɓoye, ku tafi da kwalin.

Tambaya: Ƙanena idonsa ya yi rawaya, gwaji ya nuna ciwon hanta nau'in B. Mai magani ya ce saiwar dandilayon za ta wanke hantar cikin kwana 40.
Malamin makaranta, Mashi

Amsa: Malam, maganar tana da tushe, amma an ja ta ta wuce inda ta tsaya. Kwamitin da gwamnatin Jamus ta kafa a 1978 don tantance magungunan ganye ya amince da dandilayon a kan rashin son abinci, da rashin narkewarsa, da ƙara fitsari, da taimaka wa gudanar ruwan matsarmama. Daga wannan na ƙarshen ne 'yan talla suka ƙago wanke hanta. Ba a nuna yana kashe ƙwayar cutar hanta a jikin ɗan'adam ba, a kwana 40 ko a shekara.

Kwamitin nan dai shi ya hana shan sa ga wanda hanyar matsarmamarsa ta toshe, ya kuma ce mai tsakuwa a matsarmama kada ya sha sai da izinin likita. Shawara, wato rawayar idon nan, ba cuta ɗaya ba ce, alama ce, kuma toshewar wannan hanya na cikin masu kawo ta. Alamun toshewar: fitsari ya yi duhu, bayan gida ya yi fari-fari, jiki ya yi ta ƙaiƙayi, wani lokaci da ciwo a ƙarƙashin haƙarƙarin dama. A ba irin wannan mutum abin da ke ƙara tunkuɗo ruwan matsarmama alhali hanya a rufe take, ciwo za a ƙara masa.

Ƙanenka na bukatar gwajin aikin hanta, da na yawan ƙwayar cutar a jini, da hoton ciki. Da su likita zai san ko lokacin fara magani irin tenofovir ya yi, ko sa ido kawai za a yi. Matarsa da 'ya'yansa da duk 'yan gida su yi gwaji, wanda bai kamu ba a yi masa rigakafi, jariri kuma a yi masa cikin awa 24 da haihuwa. A kuma nisanta shi da gyaɗa ko masarar da ta yi fumfuna, da duk garin maganin da ya sha damshi, saboda gubar fumfuna da cutar hanta in sun haɗu suna ninka hatsarin dajin hanta.

Tambaya: 'Yata da ke karatu a waje ta ce can ɗanye suke cin ganyen. Na samu an kawo mini, na yi miya da shi, maigida ya kasa ci don ɗaci. Yaya ake sarrafa shi?
Uwar gida, Dutsin-ma

Amsa: Hajiya, a nan ne ma ya fi amfani, a kwano. A giram 100 na ɗanyensa akwai kalsiyam miligiram 187, sinadarin ƙarfe mai ƙara jini miligiram 3.1, bitamin C miligiram 35, ga bitamin A mai yawa. Ɗacinsa bai kai na shuwaka ba, amma wanda ya zuba shi a tukunya kai tsaye kamar alayyafo zai sha mamaki.

Ɗaci daga tsufan ganye yake farawa. Ki zaɓi ƙanana na tsakiya, waɗanda ba su wuce tsawon tafin hannu ba, kafin tsiron ya yi fure. Manyan na waje ki zare musu jijiyar tsakiya, a nan farin ruwan ya fi taruwa. Ki wanke sau uku a ruwa mai yawa, kina tsamo ganyen daga ruwan, ba tsiyaye ruwan ba, don yashin ya zauna a ƙasan roba. Na bakin titi, da na gefen kwata, da na gonar da aka yi wa feshin ciyawa, ba na ci ba ne.

Ki tafasa ruwa mai yawa da ɗan gishiri, ki zuba ganyen minti biyu kacal, ki tsame ki tsoma a ruwan sanyi, ki matse. Ruwan farkon nan ki zubar, da shi yawancin ɗacin ya tafi. Kada ki sa kanwa: tana sa shi ya yi laushi ya yi kore shar, amma tana kashe bitamin C, ganyen kuma ya zama taɓo.

Kwaɗo ya fi karɓarsa, domin mai da tsami da gishiri su ke danne ɗaci. Ga awon mutum huɗu: matsattsen dandilayon dunƙule ɗaya cikin hannu, dafaffen zogale dunƙule biyu, dakakken ƙuli-ƙuli gwangwanin madara ɗaya, albasa babba, tumatir biyu, attaruhu gwargwadon bakin gida, man gyaɗa babban cokali biyu, gishiri, da rabin lemun tsami. Ki dama ƙulin da ɗan ruwan ɗumi ya yi kauri kafin ki zuba ganye, in ba haka ba sai ya yi gudaji. Lemun a ƙarshe, dab da ci. A dambu ko faten wake ma haka, kashi ɗaya nasa, kashi biyu na zogale ko alayyafo, a zuba minti biyar kafin a sauke.

Gargaɗi ɗaya: bitamin K ɗinsa ya kai maikirogiram 778 a giram 100, ya ninka bukatar babba ta yini fiye da sau shida. In akwai mai shan warfarin, maganin hana daskarewar jini, wannan yawan na rage ƙarfin maganin. Kada ya tashi rana ɗaya ya cika ciki da shi.

Tambaya: Bikina saura wata biyu. Mai gyaran jiki ta ce za ta ƙara mini garin dandilayon a dilka, wai yana haska fata yana kashe ƙuraje da kyasbi. Na kuma ga ana shafa farin ruwansa a fuska.
Amarya mai jiran gado, Sabuwar Unguwa

Amsa: Allah ya sanya alheri, ƙanwata. Farin ruwan nan kada ya kusanci fuskarki. Yana barin tabo mai ruwan ƙasa a fata, kuma a cikinsa ne sinadaran da ke jawo borin fata suka fi yawa: ja, ƙaiƙayi, ƙananan ƙuraje masu ruwa. A baƙar fata irin tamu, duk inda ya yi bori ya warke, baƙin tabo yake bari na watanni. Mutanen Turai na dā sukan ɗiga shi a kan tusar jaki, amma ba a tabbatar yana cire ta ba.

Haske kuwa ba ya sa shi. In kika ga man da aka rubuta wa dandilayon ya canza launin mace cikin mako biyu, ba ganyen ne ya yi aikin ba, akwai abin da aka ɓoye a ciki, irin su hydroquinone ko clobetasol ko sinadarin makuri, masu sirantar da fata su bar nankarwa da baƙin gwiwoyin yatsu. Kyasbi ma ƙwayar fumfuna ce ke kawo shi, maganinsa na kemis ne, mai sauƙin kuɗi.

Abin da za a iya yi da shi shi ne man shafawa na laushin fata, daga furen. A shanya furannin a inuwa har su bushe ƙarau. Wannan matakin ne mutane ke tsallakewa, kuma shi ke ɓata aikin: ɗanyen fure ruwa ne a cikinsa, ruwa a cikin mai kuwa fumfuna ne da wari cikin mako guda. A cika busasshiyar kwalba zuwa rabi da furen, a zuba man zaitun ko man riɗi ya shanye kansu da kamar faɗin yatsa biyu, a rufe, a ajiye inda rana ba ta bugu, ana girgizawa kullum har mako biyu. A tace da tsumma mai tsabta. In ana son ya daskare, a narka kakin zuma giram 20 cikin mililita 100 na man, ta hanyar ɗora kwanon a kan ruwan zafi, ba a kan wuta kai tsaye ba. In babu kaki, man kaɗanya daidai da yawan man ya wadatar. Yakan yi wata shida in ba a sa jiƙaƙƙen yatsa a ciki ba. Mu faɗi gaskiya, yawancin laushin da za ki ji aikin man ne da kaɗanyar.

Ko wannan ɗin ma sai an gwada. Shafa ɗan kaɗan a cikin damtse, ki bar shi kwana biyu. In ya yi ja ko ƙaiƙayi, ba naki ba ne. Mai yawan atishawa in ta kusanci furanni, ko mai borin fata tun asali, ta fi kowa saurin kamuwa. Kuma ko mene ne sabo, ba a fara gwada shi a satin biki.

Gajerun amsoshi

Mai tambaya daga Rafindadi ko zai sha da sahur don ya rage tumbi: a'a, Malam. Abin da ke sa fitsari ba a shan sa a farkon yinin da ba za a sha ruwa ba, balle in azumi ya faɗo cikin bazara. In dole ne, bayan buɗe baki. Nauyin da sikeli zai nuna ya ragu ma ruwa ne, ba kitse ba, gobe zai dawo.

Mai juna biyu daga Jibiya, da maijego daga Mai'aduwa: ɗan ganye a cikin abinci daban, shayi mai ƙarfi ko ƙwayar da aka tattara sinadarin a ciki daban. Na biyun ku bar shi har ku yaye. Yaro ƙasa da shekara 12 ma ba a ba shi.

Alhajin da ya ji an ce saiwar na ɗauke da insulin: inyulin ne, ba insulin ba, ba abin da ya haɗa su sai kamar suna. Kada ka ajiye allurarka ta ciwon suga ko ƙwayar metformin.

Mai tambaya a kan ciwon daji: an ga ruwan saiwar na kashe wasu ƙwayoyin daji a kwanon gwaji, ba a nuna ya warkar da mutum ba. Watannin da ake ɓatawa a kansa su ne waɗanda aiki ko maganin asibiti ya fi cin nasara a cikinsu.

Wanda aka rubuta wa ciprofloxacin saboda taifot: dakatar da shayin har ka gama. Ma'adinan da ke cikin ganyen na iya kama maganin a hanji su rage abin da ke shiga jini, kamar yadda madara da maganin ƙarin jini ke yi masa.

Tambaya: Na sayo irin ta intanet. Zai yi a Katsina? Kuma yaya ake yin kofin saiwarsa?
Mai lambun gida, Ƙofar Ƙaura

Amsa: Ɗan'uwa, lokacin da ya fi kusa da yanayinsa shi ne hunturu, don haka ka shuka a Nuwamba in sanyi ya sauka. Irin na son haske kafin ya tsiro, kada ka binne shi. Barbaɗa a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa, ka danna da tafin hannu, ka riƙa yayyafi safe da yamma da abin ban-ruwa mai ƙananan huda, don ruwa mai ƙarfi kwashe shi yake yi. Cikin mako ɗaya zuwa uku zai fito. Ka rage su ya zama taƙi ɗaya tsakanin kowane biyu. Saiwar na son zurfi, in a buhu ko bokiti ne ƙasar ta kai kamu ɗaya, a cakuɗa da ruɓaɓɓen taki, a huda ƙasan. Wajen wata biyu zuwa uku za ka fara tsinkar ganye. In kana son mai ɗan sauƙin ɗaci, kifa masa tukunyar ƙasa na mako guda kafin tsinka, zai yi fari-fari ya yi taushi. Daga Maris sai inuwa da ruwa sosai, zafi da ƙishi su ke ƙara masa ɗaci. In sana'a kake nufi, latas da zogale sun fi shi kasuwa nesa ba kusa ba.

Saiwa kuwa, a Turai a ƙarshen shekara ake haƙarta, lokacin da inyulin ɗinta kan kai kashi 40 cikin 100. Taka ta 'yan watanni za ta fito siririya, kada ka yi mamaki. Haƙe da zurfi, don guntun da ya rage a ƙasa sake tsirowa yake yi. Goge ƙasar da buroshi, kada ka fere bayan. Yanka ƙanana daidai wa daida, kamar girman ƙwayar masara, saboda in girmansu ya bambanta ƙananan za su ƙone kafin manyan su gasu. Shanya a inuwa ƙarƙashin siririn mayafi saboda ƙurar hunturu, har sai in ka lanƙwasa ɗaya ta karye ƙas. Sannan ka soya a busasshen kasko ba mai, wuta ƙasa-ƙasa, kana juyawa ba tsayawa minti 15 zuwa 20, har ta yi ruwan ƙasa mai duhu ƙamshi ya tashi. In ta yi baƙi ta ƙone, ɗacin gawayi za ka sha. Bari ta huce sarai kafin ka rufe a kwalba, ka riƙa daka iya na kwana biyu ko uku. Cokalin shayi ɗaya a cike ga kofi ɗaya, a tafasa minti 10 da ɗan citta da kanumfari biyu, a tace, a sa madara. Babu sinadarin hana barci na kofi a cikinta, amma sharuɗɗan da muka gindaya wa mai ciwon ƙoda da mai tsakuwar matsarmama suna nan a kanta ko an soya.